Jan Tabo a Gilashin Injin Jelani

Akwai wani mai gyaran waya a unguwar Gawon Nama, cikin birnin Sakkwato, sunansa Jelani. In kana son ku shirya da shi, kada ka ce masa mai gyaran waya. Ka ce Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka rubuta a allon shagonsa da manyan baƙaƙe. A gaskiya hannunsa ya iya aiki. Bakinsa ne dai ya fi hannun sauri.

A zauren gidansu akwai wani baduku, Lawali. Zauren nan mahaifin Jelani ne ya ba mahaifin Lawali aronsa tun yaran ba su san ciwon kansu ba. Iyayen maza suka rasu, Lawali ya gaji basilla da wuƙar yankan fata, ya gaji zaman zauren. A nan yake ɗinka jakunkuna da takalma da jar fatar akuya, hannuwansa kullum jajaye da rinin karan dafi, ko ranar Sallah ba sa fita tas. Kwano ɗaya suke ci shi da Jelani tun suna yara.

Tsakanin zauren da cikin gida akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu. Ɗaya ta zaure ce, mai labulen buhu, ɗaya kuma ta cikin gida. Ku riƙe ɗakin nan a ranku, don kada anjima wani ya zo ƙasan rubutun nan yana cewa ban yi bayani ba, kamar yadda kuka saba yi mini.

Da damina ta kankama, ƙwan zabi ya cika kasuwa, sai Jelani ya ce zai nuna wa Sakkwato abin da ba ta taɓa gani ba. Ya samo tsohon firji, ya kwashe kayan cikinsa, ya sa hita da 'yar fanka da ma'aunin zafi, ya ja waya zuwa batirin sola. Ya kawo wata 'yar ƙwaƙwalwar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba, irin wadda ake rubuta wa umarni a kwamfuta ta riƙa bi. In zafi ya yi ƙasa ta kunna hita, in ya kai ta kashe. Injin ƙyanƙyasar ƙwai ke nan.

Maɓalli biyu sun isa wannan aiki, ɗaya na ƙari, ɗaya na ragi. Amma ina, Injiniya guda ba zai tsaya aikin maɓalli kamar mai gyaran tsohuwar rediyo ba. Ya aika aka kawo masa gilashi mai aiki da taɓi, irin na fuskar waya, ya kafa shi a ƙofar firjin. Ya zana dogon layi a kai daga sama zuwa ƙasa, da ɗan ɗigo a tsakiya. Duk inda yatsa ya bi a layin, ɗigon na biye da shi. Ka ja sama zafi ya ƙaru, ka ja ƙasa zafi ya ragu. A saman gilashin kuma, da harufa masu walƙiya, ya sa: ƘIRAR INJINIYA JELANI.

Sai maganar wurin ajiye injin. Ɗan ɗakin nan, a nan Lawali ke shanya fatu in ana ruwa.

"Lawali, kwashe fatunka. Ɗakin ga ya zama ma'aikata."

Lawali ya leƙo, ya dubi firjin sama da ƙasa. "Tau, Injiniya. Kaza ta yi ritaya ke nan? In gaya ma Ladi ta sallami ma'aikatanta?"

Ladi matar Lawali ce. Kowa ya san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, don haka mutanen unguwa kan kai wa Ladi ƙwan zabi ta sa wa kajinta, in an ƙyanƙyashe a raba 'yan tsakin.

Jelani ya yi dariya har da tafi. "Gaya mata ta fara neman wani aiki."

Lawali ya kwashe fatunsa yana dariya shi ma.

Ranar da aka kunna injin, Jelani ya tara mutanen gida ya yi musu jawabi: kada wanda ya taɓa, kada wanda ya shiga ɗakin in ba dole. Matarsa Zaituna, malamar firamare a Arkilla, ta ce ita da ke fita da sassafe ina ta ga lokacin wasa da firji. Mahaifiyarsa, Inna Rabi, ko kallon injin ba ta yi ba. Jelani ɗan farinta ne, kuma Inna mutuniyar da ce mai alkunya. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da lamarinsa a gaban kowa. Ta dubi bango, tana taunar goronta, ta ce, "Allah shi sa alheri." Ta wuce.

Jelani ya jera ƙwai, ya ja ɗigo ya tsayar da zafi a digiri talatin da bakwai da rabi, ya tafi shago yana tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi.

Da azahar ya dawo. Ɗigo yana can ƙasan layi. Hita a kashe. Ya sa hannu cikin firjin, ya ji sanyin damina ya kama ƙwan.

Ya mayar da ɗigon wurinsa. Washegari ya dawo ya tarar da shi a ƙasa.

A nan sai na yi masa adalci, don ni ba na danne wa mutum haƙƙinsa ko da ya fi ni surutu. Bai fara da zargin kowa ba. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya auna batir. Ya buɗe kwamfuta ya karanta umarnin da ya rubuta tun daga farko har ƙarshe. Ya san irin gilashin nan kan taɓa kansa in wutar da ke shigarsa ba ta da tsabta, ko in danshi ya kwanta a kai, don haka ya canza wayar wuta, ya toshe inda iska ke shigowa. Ran Juma'a bai je shago ba, ya shimfiɗa tabarma a gaban injin ya wuni yana kallonsa. Ɗigo bai motsa ba ko kaɗan.

Ran Asabar ya fita. Ya dawo, ɗigo a ƙasa.

"Injin da ke lahiya lau in ina nan, shi lalace in na juya baya," in ji Jelani a ransa. "Wanga ba ciwon waya ba ne."

Da ya haska ƙwan da tocila bayan 'yan makonni, ya ga yawancinsu sun mutu a ciki. Ya kwashe su a buhu ya fitar ta ƙofar baya don kada 'yan majalisar hira ta unguwa su gani.

A ranar ne ya karkata gilashin wajen haske, ya ga abin da bai lura da shi ba a da. Wani ja-ja ne, dogaye, daga sama zuwa ƙasa, kamar an goga hannu mai rini.

Da aka kawo abincin rana zaure, Lawali ya wanke hannu ya sa a kwano. Jelani ya tsura wa hannun ido. Jajaye, har cikin farce.

"Ka ci mana," in ji Lawali. "Ko injin ne yac ce ka yi azumi?"

"Na ƙoshi."

Daga nan komai ya fara jeruwa a kan Jelani kamar an tsara. Wa aka kora daga ɗakin? Lawali. Matar wa injin zai kashe wa sana'a? Ta Lawali. Wa ke wuni taku uku daga labulen? Lawali. Har barkwancin nan na kaza ta yi ritaya ya dawo masa, ya juya shi gaba da baya, ya ga ashe ba barkwanci ba ne, gargaɗi ne aka yi masa yana tafi.

In Lawali ya ce, "Ya ƙwai?" sai Jelani ya ce a ransa, ga shi yana bin sawun aikinsa. In Lawali bai tambaya ba, sai ya ce, ga shi kunya ta hana shi tambaya. Ran da Lawali ya zo da fara'a, murna yake. Ran da ya zo da ciwon kai, alhaki ne ya fara kama shi.

Jelani ya sake jera ƙwai, wannan karon har da na wasu maƙwabta da suka amince masa. Ya shiga cikin gida ya tsaya ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, ku sa ni addu'a. Akwai mai yi min hassada, kuma ba daga nesa yake ba."

Inna tana tsince wake, ba ta ɗago ba. "Allah shi fi shi," ta ce wa tiren.

Washegari abin ya ninka. Ɗigo ya sauka da hantsi, Jelani ya gyara da azahar, ya dawo gab da magariba ya tarar ya sake sauka. Jan tabon ma ya ƙara kauri.

"Ya ji na yi magana," in ji Jelani ga Zaituna. "Yanzu nuna min shika ba shi tsorona."

"Wai wa?"

"Kin san ko wa."

Zaituna ta ajiye littattafan da take dubawa. "Lawali? Mutumin da yaz zauna asibiti da kai har kaw warke? Ka tambaye shi mana."

"Ana tambayar mai yi in shi ne?"

"Tau, ka sa ma gilashin lambar sirri, kamar ta wayarka da ko ni ban sani ba. Sai kowa shi huta."

Wannan aiki ne da Jelani zai gama kafin shayi ya huce, kuma ya sani. Amma sai ya ce, "In na kulle, ta yaya zan kama shi?"

"Ƙwan kaka so, ko kamun?"

"Duka. Kuma ran da na kama shi, ya gama zaman zauren ga. Aro ne, ba gado ba."

Kafin tarko, sai da ya gwada habaici. Ya tsaya bakin zaure yana gyara hula, ya ce wa iska, "Duniya ta lalace. Ka ci da mutum kwano ɗaya, shi bi bayanka da jan hannu."

Lawali ya ɗago daga takalmin da yake ɗinki. "Wallahi kuwa. Wa anka yi ma haka?"

"Wani."

"Allah shi isam mai," in ji Lawali, ya koma kan basillarsa.

Jelani ya tafi yana cizon leɓe. Mutum ya yi ɓarna, sannan ya yi wa kansa Allah ya isa ko gezau. Lallai abin ya yi nisa.

Ya je wajen masu gyaran keke napep ya sayo tsohon hon, irin mai tada unguwa. Ya ɓoye shi bayan firjin, ya haɗa shi da 'yar ƙwaƙwalwar, ya ƙara mata umarni ɗaya: duk wanda ya taɓa gilashi, ki saki hon, kada ki daina.

Tarko ba ya daɗi sai da shaida. Ya je ya ɗauko ƙanin mahaifinsa, Baffa Attahiru, dattijon da unguwa ke jin maganarsa, ya zaunar da shi a teburin mai shayi da ke kallon ƙofar gidan.

"Jelani, ka tabbata?" in ji Baffa. "Zauren ga yayana ya ba da shi da bakinai. Ina wurin."

"Baffa, ku dai ku sha shayi. Injin zai yi magana da kainai."

Suka ga Zaituna ta fita da jakarta. Suka ga Lawali ya iso, ya jingina kekensa, ya shiga zaure, ya kunna 'yar rediyonsa. Jelani ya taɓa gwiwar Baffa. Hantsi ya ɗaga. Baffa ya sha kofi na biyu, ya fara gyangyaɗi. Jelani kuwa ko ƙiftawa ba ya son yi. Har ya shirya kalmomin da zai faɗa, ya jera su, ya sake jera su.

Sai hon ya ɓarke.

Kofin Baffa ya faɗi. Awaki suka watse. Jelani ya tsallaka kwata da gudu, mai shayi da 'yan majalisa suka biyo shi. Ya faɗa zaure. Tabarmar Lawali ba kowa, takalmi a yashe da basilla a jiki, labulen buhu yana ta lilo.

Bai ɗaga labulen ba tukuna. Ya tsaya ya jira mutane su cika zauren, don magana irin wannan ba ya son ta tafi a banza.

"Jama'a, ku shaida! Ga macijin da muka raina cikin zaurenmu. Ubana ya ba ubanka wuri don tausayi, kai kuma ka saka min da hassada. Lawali, ka fito ka kwashe tsummokaran fatunka. Daga yau ko inuwar gidan ga ban yarda ka tsaya ba."

Hon ya mutu. Jelani ya fizge labulen.

Lawali yana tsugune, wayar hon da ya tsinke tana hannunsa ɗaya, ɗayan kuma yana fifita da guntun fata. Wadda yake yi wa fifitar tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango, mayafinta ya zame, carbinta ya tsinke ya watse.

Inna ce.

"A kawo ruwa," in ji Lawali, bai dubi Jelani ba. "Ta tsorata ne. Faɗuwarta na ji."

Aka kawo ruwa. Baffa Attahiru ya kori rabin mutanen, rabin suka ƙi motsi. Ya durƙusa ya ce, "Wai wa yat taɓa abin ga?"

Lawali ya dubi Inna, ya ga yadda take kallon ƙasa. Ya dubi mutanen da ke leƙe ta bayan Baffa. Ya ce, "Baffa, a bar maganar. A ce ni ne."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, Lawali," in ji Inna. Muryarta ta dawo. Ta gyara mayafi, ta fuskanci Baffa, don ko a wannan hali ba za ta yi wa ɗan farinta magana kai tsaye ba. "Ni ce. Tun ran da ɗanku ya kawo abin ga. Yaro ya zuba ƙarfinai, ya rubuta sunanai bisa da wuta, kowa na gani, baki na bisa gare shi. In na yi walaha, in ya tahi, sai in shigo in yi mai addu'ar tsari. In tofa ga hannu in shafa."

Ta buɗe tafukanta, ta nuna yadda take yi, daga sama zuwa ƙasa, sau uku. Tafukan suna da ja-jan goro.

"Da yaz zo yac ce akwai mai hassada, sai na ƙara da la'asar. Ni ina na san gilashi na jin hannu? Na ɗauka madubi ne."

Wani daga baya ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kuɓuce masa ta hanci. Baffa ya juya ya harare shi.

Jelani ya tsaya riƙe da labule. Ya dubi gilashin, ya dubi layin da ya zana da hannunsa, dogo, a buɗe, ba kulle, ba tambayar ka tabbata. Ya tuna wunin Juma'ar da ya yi gadi, ashe wadda yake gadi dominta tana cikin gida tana jiran ya tashi ta yi masa addu'a a ɓoye. Ya saki labulen.

Lawali ya tsince 'ya'yan carbin Inna ɗaya bayan ɗaya ya zuba mata a hannu. Ya koma zaure. Ya naɗe tabarma, ya tattara basilla da almakashi da wuƙa, ya ɗaure fatu a bayan keke.

"Lawali, tsaya mana," in ji Jelani.

"Ka ce ko inuwa." Ya tura kekensa ya tafi.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da Jelani ya sami sauƙi. Kullum da rana sai ta aiko da kwano zaure kamar yadda aka saba, abincin mutum biyu. Jelani ya zauna shi kaɗai inda tabarmar Lawali ta bar alama a ƙasa, ya ci gefensa, ɗaya gefen ya huce. A majalisa kuwa, da ya nufo sai wani ya yi ƙarar hon da baki, a kwashe da dariya.

Wata safiya Inna ta tsaya tsakar gida, ta ce wa Zaituna da murya yadda za a ji a ɗaki, "Gaya ma mijinki ban saba ganin zauren ga ba kowa ba. Kuma ban da niyyar sabawa."

Jelani ya sa farar shaddarsa, wadda yake ji da ita, ya hau keke napep zuwa Unguwar Rogo. Ya tarar da Lawali a wani lungu a ƙofar gidansu, ya takure ƙarƙashin guntun kwanon rufi, yayyafi na dukan rabin fatun da ya rina.

Suka gaisa kamar baƙi. Jelani ya tsuguna.

"Na zo ka yafe min."

Lawali ya ci gaba da ɗinki. "Na yafe tun ranar."

"Tau ka dawo."

"Wannan dabam ne. Ka san abin da ya fi yi min ciwo? Ba korar ba. Ashe makonni kana kallon hannuna cikin kwano. Da ka ce, Lawali, kai kat taɓa? Da na ce a'a, mu nemi mai yi tare. Ni ina jin motsin Inna bayan labule kullum, ban san abin da kaka nema ba ke nan."

Lawali ya ja zare, ya ci gaba.

"Kuma a gaban mutane kaz zagi ubana. Yanzu ka zo lungu kana raɗa."

"Mi kaka so in yi?"

Lawali ya dubi farar shaddar, ya dubi tarin jiƙaƙƙun fatu. A karon farko gefen bakinsa ya motsa.

"Kekena ya yi faci," ya ce.

Keke napep ya sauke su a bakin titi, sauran tafiyar da ƙafa. Waɗanda suke Gawon Nama ran nan sun ga abin kallo. Injiniya a gaba, ɗaurin jar fata a ka, yayyafi na sauka, rini na bin wuyansa yana gangarowa kan shadda. Lawali a baya, hannuwa a goye, basilla kaɗai a aljihu, yana amsa gaisuwa kamar mai unguwa.

A teburin shayi Jelani ya tsaya. Baffa Attahiru na nan, 'yan majalisa na nan.

"Jama'a, a nan na tara ku, a nan zan faɗa. Na yi ma Lawali ƙazafi. Bai taɓa min komi ba. Laifin na aikina ne da na zuciyata. Zauren ga nashi ne muddin ina da rai."

Baffa ya gyaɗa kai. Mai shayi ya ce, "Injiniya, ga jan tabo nan a rigarka. Mu kira shaidu?"

Aka yi dariya, har da Jelani, ko da yake tasa ba ta fito da kyau ba.

Lawali ya shimfiɗa tabarmarsa daidai kan tsohuwar alamarta. Ya ce, "Hon ɗin nan, kada ka yar da shi."

"Don mi?"

"Ka ɗaura ma bakinka. In magana za ta fito ba ka bincika ba, shi yi ƙara mu gudu."

A yammacin nan Jelani ya buɗe kwamfuta ya yi abin da Zaituna ta faɗa tun farko. Ya sa lambar sirri. Ya sa gilashin ya riƙa tambaya kafin ya canza zafi. Harufan nan masu walƙiya kuma ya rage musu girma, ba dai ya cire ba, kada ku ɗauka mutum na canzawa gaba ɗaya a wuni guda.

Sai wata damuwa ta taso. Inna ta daina shiga ɗakin. Ko ta gabansa za ta wuce sai ta kauce. Jelani ya rasa yadda zai ce mata ta dawo, don maganar ba ta faɗuwa tsakaninsu.

Lawali ne ya yanko jar fata mai laushi, ya yi mata ado a gefe, ya ɗinka ta a saman gilashin kamar murfin jaka. Ya leƙa cikin gida ya yi sallama.

"Inna, na yi ma madubin riga. Yanzu ko sau ɗari kunka shafa, ba shi ji."

Cikin ƙwan nan na biyu, kaɗan ne suka fashe. 'Yan zabin da suka fito kuwa suna buƙatar uwa mai ɗumi, kuma injin Injiniya ba shi da fiffike. Kazar Ladi ce ta riƙe su.

Wani hantsi Jelani ya manta caja ya dawo gida. Ya ɗaga labule ya tarar da Inna a gaban injin, ta tofa a tafukanta, tana shafa jar fatar daga sama zuwa ƙasa. Ya tsaya cak. Ta gama, ta juyo, ta gan shi. Ba wurin kaucewa. Ta ɗauke kai ta nufi ƙofarta, amma da ta zo daidai shi sai ta ɗaga hannu ta shafa ragowar a kan hularsa, idonta na kan bango.

"Wanga ma," ta ce wa bangon, "ya fi firjin buƙata."

Daga zaure aka ji Lawali ya ƙara muryar rediyo, wai shi bai ji komai ba.

Darasi: In abu ya lalace maka, ka fara da gyara ƙofar da kai ka bari a buɗe, kafin ka nemi wanda za ka kama. In kuma zuciyarka ta nuna maka wani, ka je ka tambaye shi ido da ido tun maganar tana tsakaninku biyu, domin zargi in ya zauna a rai, gaisuwa ma hujja take zama, kuma hannun da kake tuhuma wataƙila addu'a yake yi maka. Na zauna na rubuta muku wannan har babban yatsana ya yi tsami, don haka kada ku yi mini halinku na karantawa ku sulale. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san yana kallon hannun abokinsa a cikin kwano.